Turmin Inna da Madubai Uku

Ni ɗan fari ne, don haka Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. "Kai" nake a bakinta, ranar da ta tashi da fara'a in zama "kai wanga". Ba ta kallon idona idan muna magana, idan kuma na zo sallama ba ta tambayar yaushe zan dawo. Duk shekarun da na yi ina aiki a kudu, in na kira ta a waya gaisuwa ce kawai, daga "lahiya lau" sai ta miƙa wa wanda ke kusa. Amma na san tana so in dawo gida. Ni ma abin da nake so ke nan, har ya zame mini ciwo, musamman bayan rasuwar Baba, da aka kai ƙanwata ɗakinta a Dingyaɗi, gidan Boɗinga ya rage daga Inna sai awakinta.

Aikina a can shi ne girka injinan lesa da saita su. Manya ne, suna yanka faranten ƙarfe da haske tsagwaronsa, babu wuƙa babu zarto. Na iya aikin, ba yabon kai ba. Sai dai a Boɗinga babu mai faranten ƙarfen da zai ba ni in yanka, akwai dai dukawa da teloli da masassaƙa. Na daɗe ina juya maganar a raina kafin na sayi ƙaramin inji mai yanka fata da katako da yadi, wanda kuma yake zana ado a kansu. Shugaban sashenmu ya ce zai riƙe mini gurbina zuwa Babbar Sallah. In injin ya riƙe ni, in ɗauko matata da yara mu tare a gida. In bai riƙe ni ba, in koma in ci gaba da gaida Inna ta waya.

Injin ya iso cikin akwatin katako, ban damu da shi ba. Abin da ya hana ni sakat shi ne kwalbarsa, wata doguwar kwalba ta gilashi wadda a cikinta hasken yake tashi. Ko ƙwai bai kai ta tsoron gargada ba. Daga tashar Sakkwato na rungume ta a gaban mota, naɗe da bargo, duk ramin da direba ya faɗa sai na harare shi. Da ya gaji ya ce, "Malam, mara lahiya na ko jinjiri?" Na ce duka biyun, ya rage gudu don Allah.

Ɗakin Baba na kusa da zaure na share na sa injin. Bangonsa ɗaya da tsakar gida, daɓen kuma tsoho ne, ƙasa ce aka shafa wa siminti sama-sama. Na aro lebul, ma'aunin nan mai ɗigon iska da ke nuna karkata, wajen wani magini abokina, na yi ta cusa guntayen ƙarfe ƙarƙashin ƙafafun injin har ɗigon iskar ya tsaya a tsakiya ta kowane ɓangare. Na ɗora kwalbar a kan mazauninta, na haɗa mata tiyon ruwan da ke sanyaya ta. Daga nan aka zo kan ainihin aikin.

Hasken nan ba a ganin sa. Yana fitowa daga kwalbar ya bugi madubi na farko, ya karya kwana ya bugi na biyu, ya bi tsawon injin ya bugi na uku, sannan ya sauka ta wani ɗan gilashi da ke tattara shi wuri ɗaya kamar bakin allura. Kowane madubi bai wuce faɗin kwabo ba, kuma yana da ƙananan sukurori uku a bayansa. Tunda ido ba ya ganin hasken, sai a manna salatif na takarda a gaban madubin, a danna maɓalli sau ɗaya, ya ƙona ɗan baƙin ɗigo. A tura madubin can ƙarshen injin a sake dannawa. In ɗigon kusa da na nesa sun faɗa wuri ɗaya, hasken yana tafiya sak. In sun rabu ko da faɗin gashi ne, a koma kan sukurori, a murɗa kaɗan, kaɗan ɗin da yatsa ne kawai ya san an murɗa. Aiki ne mai cin rai, ni kuma ba mai dogon haƙuri ba ne, a kan wannan aikin kaɗai Allah Ya ara mini.

Maɓallin yana wannan kusurwa, madubi na uku yana waccan. Ina ta safa da marwa, Inna ta leƙo da kwanon ruwa, ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon bango, ba ni ba.

"Wagga wuta taka da ba a gani, ka tabbata ba da mutanen ɓoye kaka aiki ba?"

Na ce ta zo ta taya ni, in na aljanu ne ta kore su. Na ɗauka za ta ja tsaki ta tafi. Sai ta ajiye kwanon, ta goge hannu a zani. Na saka mata gilashin kare ido a kan kallabinta, ya yi mata yawa yana zamowa, na nuna mata maɓallin. Tun daga ranar ta zama mai danna mini.

"In danna?"

"Danna, Inna."

Sai ɗan hayaƙi ya tashi daga salatif ɗin, warin ƙonanniyar takarda ya cika ɗaki. Tunda na yi wayo ban taɓa zama da ita ɗaki ɗaya tsawon wannan lokaci ba. Wani sa'in ɗigon ya hau daidai, amma in ce a sake, don kawai in ƙara jin ta tambaya.

Aiki ya fara shigowa. Dukawan kasuwar Boɗinga suka kawo jar fata in fitar musu da furannin da suke ɗinkawa a kan takalma da matasan kai, wani tela ya kawo yadi. Babban aikin farko kuwa daga Shagari ya zo. Wani malamin makarantar allo yana da ɗalibai masu sauka, yana son allunan zayyana. Na yi rawar kai na ce har rubutun zan iya fitar masa tsaf. Ya girgiza kai ya ce, "A'a, yaro. Adon gehe kaɗai za ka yi. Ba a rubuta maganar Allah da wuta." Na ce Allah Ya gafarta Malam, na kama bakina.

A kan allunan nan matsala ta bayyana. Wanda na zana da la'asar layinsa ya fita santal. Wanda na zana da hantsi sai layin ya riƙa 'yar karkarwa, ba sosai ba, amma mai ido zai gani. Kowace safiya kuma in na manna salatif na gwada, sai in tarar ɗigon kusa da na nesa sun yi hannun riga, alhali jiya na bar su a haɗe. Na kai allunan Shagari a kan babur ina fatan Malam ba zai lura ba. Ya bi layin da ɗan yatsa, ya ɗago ya ce, "Injin naka tsoho na? Na ga hannunai na rawa." Ya karɓi masu kyau, ya ba ni sauran in sake. A hanyar dawowa ban san lokacin da na wuce kwanar gida ba.

Babu wanda ban zarga ba. Na zargi janareto na mayar da shi bayan gida. Na zargi manyan motocin albasa da ke bin titi. Na kira wanda ya sayar mini da injin na faɗa masa maganganun da ba zan maimaita a nan ba. Na ƙara ɗaure kowane noti har na ci bakin ɗaya. Sallah kuwa tana matsowa, masu raguna sun fara cika bakin kasuwa. Matata ta kira tana tambaya ko ta fara ɗaure kaya, na ce ta dakata.

A gidanmu hantsi lokacin daka ne. Inna ba ta yarda da furar kowa ba, ba ta kuma yarda da garin inji ba, ta ce ƙarfe yana kashe wa hatsi ɗanɗano. Turminta tsohon kirya ne, gindinsa ya ci ƙasa ya zauna daram a jikin bangon ɗakin Baba, inda inuwa take daɗewa. Maƙwabciyarmu, ƙawarta tun suna amare, takan shigo da taɓaryarta su yi lugude. Wannan ta ɗaga, waccan ta sauke. In abin ya yi musu daɗi Inna takan cilla taɓarya sama, ta tafa, ta cafe, ba tare da ta ɓata bugu ɗaya ba. Ƙamshin citta da kanumfari ya biyo iska har zaure. Da wannan sauti na tashi. A kudu, cikin ƙarar injina, sau da yawa nakan tsaya cak ina jin kamar shi ne, sai in tarar wani inji ne yake buga ƙarfe. Da na dawo gida kuwa ko lura da shi ban yi ba, kamar yadda mutum ba ya lura da numfashinsa.

Wata safiya Inna ta bar ƙawarta tana ƙarasa dakan, ta kawo mini ruwa. Babu wurin ajiyewa, sai ta ɗora kofin a kan murfin injin. Ina tsugune ina faɗa da madubi na biyu, na ɗago, idona ya faɗa kan ruwan. Yana rawa. Zobe ya tashi daga gefe ya shige tsakiya, ya lafa, wani ya sake tashi. Daga bayan bango taɓarya tana sauka, dum, dum, kowace saukarta da zobenta.

Ashe dakan ne ke girgiza injin. Wallahi ban faɗa mata ba. Na yi maza na ɗauke kofin na shanye, na ce ruwan ya yi sanyi. Amma Inna tana tsaye, ta ga ruwan, ta kuma ga fuskata kafin in gyara ta. Ta karɓi kofin ta fita.

Washegari hantsi ya yi, gida shiru. Na jira. Na ji awaki, na ji mai tallan nono daga wajen Danchaɗi ta yi sallama, na ji rediyon maƙwabta. Na gwada ɗigo, yana nan inda na bar shi jiya. Na zana allo, layi ya fita kamar an ja da zare. Ya kamata in yi murna, kuma na yi, ba zan ɓoye ba, amma na yi ta kasa kunne wajen bangon. Da azahar aka kawo fura. Kurɓa ɗaya na san garin inji ne.

Na same ta tana tsintar wake a inuwa. Turmin an kifar da shi, an ɗora masa tsohon buhu.

"Inna, yau ba a yi daka ba?"

"Kahwaɗata ka ciwo."

"Jiya ba ta ciwo."

"To yau tana yi. Kai likita na?"

Na ce mata a mayar da turmin can wajen rijiya, nesa da bango. Ta ce rana ta yi yawa can, kuma ƙasa ɗaya ce, in ta girgiza nan ta girgiza can. Na ce to ta yi dakanta, ni in bar aiki da hantsi. Ta ce madubai na kwancewa ko ina aiki ko ba na yi, ai ita ke danna maɓalli, ta san yadda muke wahala kowace safiya. Na ce akwai magani, zan fasa daɓen in zuba wa injin kankare nasa daban wanda bai taɓa bango ba. Ta tambaya kwana nawa injin zai zauna ba aiki. Na ce sai siminti ya bushe sosai, makonni. Ta ce, "Sallah hwa?" Ta san wa'adin da aka ba ni a wurin aiki.

Ta ci gaba da tsintar wakenta, idonta a kan faifai. Can ta ce, "Kai wanga. Bari ka kahu tukuna."

Iyakar abin da ta taɓa faɗa mini ke nan da ya yi kama da "kada ka koma". Ƙawarta ce ta gaya mini daga baya cewa ita ma Inna ta roƙe ta ta kai nata turmin ƙarshen gidansu, don katangarmu ɗaya.

Na sake allunan Malam, na kai, ya duba ya sa albarka. Ya haɗa ni da wani malamin, wannan ya haɗa ni da masu ɗinkin jakunkuna har daga Kajiji. Kafin Sallah injin ba ya hutawa sai in ruwan kwalba ya yi zafi na tsaya in canza. Ranar da na kira shugaban sashenmu na ce ya ba wani gurbina, na fito na faɗa wa Inna. Ta ce, "To, madalla," ta tashi ta shiga ɗaki ta daɗe ba ta fito ba.

Matata da yara suka iso bayan Sallah. Na ce yanzu zan yi kankaren, sai ga aikin bukukuwa ya taso. Kafin in ɗaga kai damina ta sauka, magini ya ce ramin zai yi ta tsatsafo da ruwa, a bari ƙasa ta bushe. A cikin daminar zazzaɓi ya kwantar da Inna, ta tashi, ya sake mayar da ita. Ta warke, amma zaninta ya riƙa zagaye ta fiye da da. Duk tsawon wannan lokaci babu wanda ya taɓa turmin. Matata ta so ta daka mata ko a maƙwabta ne, Inna ta ce a kai inji kawai, ta saba. Ba ta saba ba. Ina ganin yadda take kurɓa biyu ta ture ƙwaryar.

Sai da aka gama girbi na tsayar da komai. Muka fitar da injin, muka fasa daɓen, muka haƙa rami mai zurfi. Muka zuba kankare a tsakiya, muka bar tazara tsakaninsa da sauran ƙasa, muka cika ta da yashi da yankakkun tsofaffin tayoyi. Abokina magini ya ce tunda yake bai taɓa ganin an yi wa inji gado irin na amarya ba. Ina shayar da simintin ruwa safe da yamma, ina ƙirga ranar da zan sake jin daka a gidanmu kamar yaro mai jiran kayan Sallah. Da ya bushe muka mayar da injin, na daidaita ƙafafu, na sa wa sukurorin madubai notin da ke kulle su. Inna ta sa gilashinta ta danna mini har ɗigo ya hau kan ɗigo.

Da kaina na kwance buhun, na tayar da turmin, na wanke shi. Gizo-gizo ya yi gida a ciki. Na sayo sabon gero da citta da kanumfari, matata ta surfa a maƙwabta ta jiƙa. Na aika aka kira ƙawar Inna, aka ce ta tafi wajen 'yarta da ta haihu. Inna ta ce ba komai, ita kaɗai ma ta isa, ko an manta wace ce ita?

Da hantsi na cika kofi da ruwa na ɗora a kan murfin injin. Na buɗe tagar da ke kallon tsakar gida na ce, "Bisimilla, Inna. Yau ki rushe gidan in kina so."

Na ji ta tofa a tafin hannu. Na ji taɓarya ta goga bakin turmi. Sai bugun farko ya sauka, na ji shi har cikin ƙashina, idona ya kawo ruwa. Na biyu ya biyo baya, amma ya jinkirta. Na uku ya fi jinkirta, kuma bai sauka tsakiya ba, gefen turmin ya buga. Na ƙura wa kofin ido don kada in leƙa. Ruwan yana kwance lumui. Aka yi wasu 'yan bugu marasa nauyi, sannan na ji numfashinta, irin na wanda ya hau tudu. Daga nan shiru.

Na fita. Tana tsaye ta dogara da taɓaryar da hannu biyu, goshinta ya jiƙe, geron ko fashewa bai gama yi ba. Matata ta miƙa hannu za ta karɓa, Inna ta ɗan riƙe tukuna.

"Ruwan ya motsa?"

"Bai motsa ba, Inna. Ko kaɗan. Kankaren ya yi."

Ta yi dariya, gajeriya, tana haki. Ta ɗago ta dube ni cikin ido, abin da ban saba gani ba, ta ce, "Kai wanga, ka yi ɓannar siminti. Dakan da nika yi yanzu, ko bisa injin ka aza turmin ba ya motsa komi."

Ta saki taɓaryar a hannun matata, ta je ta zauna a inuwa. Matata ta ƙarasa dakan. Tana da ƙarfi, ta iya, furar ta yi daɗi, Inna ta sha ta yaba. Ruwan kofin bai motsa ba a nata dakan ma, don haka kankaren ya yi da gaske. Na zo in faɗa wa Inna, na tarar tana murza kafaɗarta tana kallon turmin, sai na koma ɗaki na kashe injin.

Ina nan a Boɗinga har yau, a ɗakin Baba. Inna ta ƙara shekaru tare da mu kafin Allah Ya karɓi abarsa, ta ga jikokinta sun girma a gabanta, kuma kullum da hantsi ana daka a gidan. Ita dai ba ta sake ɗaga taɓarya ba. Ashe dakanta na ƙarshe da na ji da ƙarfinta shi ne a safiyoyin nan da nake tsugune bayan bango, ina zagin janareto da motocin albasa, ban saurara ba.